Mudun Sakandare da Mudun Jami'a: Waiwaye a Kan Tarihin Makin Ɗalibi a Ƙasar Lafiya

Gabatarwa

Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. A duk ƙarshen zangon karatu na farko, idan aka kafe sakamakon 'yan aji ɗaya a manyan makarantunmu, akwai wani al'amari da yakan maimaita kansa har ya zama kamar al'ada. Yaron da ya shigo da kiredit takwas ko tara, wanda bai taɓa wuce na uku a ajinsu na sakandare ba, sai a tarar yana fama da C da D, wani lokaci ma har da kwas ɗin da zai maimaita, wato abin da ɗalibai ke kira kariyoba. A gefe guda kuma sai a ga wata yarinya da ta fito daga makarantar ƙauye da kiredit biyar cif-cif, da ƙyar da jiɓin goshi, ta haye saman jerin sunaye. Iyaye sukan ce yaro ya shiga gari ya lalace, malaman jami'a sukan ce takardun sakandare na yanzu ba abin dogaro ba ne, shi kuwa ɗalibi yakan ce malamai ne ke da rowar maki.

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu nuna cewa kafin a kama mai laifi, ya kamata a fara duba abin awon. Duk wanda ya taɓa sayen riɗi ko shinkafa a kasuwar Lafiya ya kai wata kasuwa ya san cewa buhu ɗaya yana iya ba da lissafi biyu, domin kuwa mudun nan daban, na can daban. Makin sakandare da makin jami'a mudu biyu ne, an ƙera su a zamani daban-daban domin su amsa tambayoyi daban-daban. A da akwai gada a tsakaninsu, daga baya aka cire ta. Tarihin waɗannan mudu biyu da na wannan gada shi ne za mu bi, tare da ɗaukar ƙasar Lafiya a matsayin madubi.

Kafin Zuwan Maki

Karatu ya riga maki zuwa ƙasar nan da ɗaruruwan shekaru. Garin Lafiya, wanda Barebari ƙarƙashin Muhammadu Dunama suka kafa, ya gaji tsarin karatun allo irin na Barno da ƙasar Hausa. A wannan tsari ba a ce wa almajiri ya sami saba'in cikin ɗari. Malam yana sauraren karatunsa, idan ya iya sai ya ce ya wanke allo, idan bai iya ba ya koma ya sake biyawa. Matakan ci gaba sunaye ne: kolo, titibiri, gardi, alaramma, har zuwa gwani. Haka abin yake a makarantun zaure, inda ɗalibi ba ya barin littafi sai malaminsa ya gamsu, kuma shedarsa ita ce sunan malamin da ya karantar da shi. Abin lura a nan shi ne wanda ya koyar shi ne yake aunawa, kuma yana auna mutum ɗaya ne da ya san shi ciki da bai.

Su ma Turawa ba su daɗe da fara sanya wa ɗalibai daraja ba. A shekarar 1785 ne Ezra Stiles, shugaban kwalejin Yale ta Amurka, ya kasa ɗalibansa gida huɗu bayan jarrabawa, kuma ana lissafa wannan cikin misalai na farko-farko a wannan ƙasa. A Ingila, jami'o'in Kambirij da Oksfod ne suka raya al'adar kasa masu digiri zuwa daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Amfani da haruffan A, B, C kuwa sai a ƙarshen ƙarni na 19 ya kankama, inda ake yawan ambaton kwalejin Mount Holyoke da shekarar 1897. Ke nan tun daga tushe hanyoyin biyu ne: darajojin digiri na Ingila da haruffan Amurka. Za mu ga yadda jami'o'in Nijeriya suka zo suka haɗa su a tukunya ɗaya.

Mudu na Farko: Jarrabawar Kammala Sakandare

A zamanin mulkin mallaka ƙasar Lafiya tana cikin Lardin Binuwai ne, kuma makarantar midil ta lardin tana Katsina-Ala. 'Yan ƙalilan da suka yi zarra ne kawai kan wuce zuwa kwaleji, irin ta Katsina da aka buɗe a farkon shekarun 1920, wadda ta koma Kaduna a 1938, sannan Zariya a 1949, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Daga baya Kwalejin Gwamnati ta Keffi, wadda tarihinta ya faro daga 1949, ta zama babbar mahaƙar 'yan boko a wannan yanki. Jarrabawar da ɗaliban irin waɗannan makarantu suke yi daga Kambirij take zuwa, can ake tsara tambayoyi, can kuma ake yanke hukunci.

A shekarar 1950 Dokta G. B. Jeffery na Jami'ar Landan ya gabatar da rahoton da ya ba da shawarar a kafa hukumar jarrabawa ta yankin, kuma a 1952 aka kafa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wato WAEC. Da farko ta yi aiki kafaɗa da kafaɗa da Kambirij, daga baya ta tsaya da ƙafarta. A takardar shedar wancan zamani ana ba kowane darasi lamba daga 1 zuwa 9, sannan a haɗa lambobin darussa shida da ɗalibi ya fi ƙoƙari a cikinsu, a ba shi daraja ta ɗaya ko ta biyu ko ta uku. Har gobe dattawan 'yan boko suna tinƙaho da cewa wane ya fita da Gired Wan.

Akwai siffofi uku na wannan mudu da ya dace mu riƙe. Na farko, baƙo ne yake aunawa: mai duba takarda bai san ɗalibi ba, yana bin jadawalin amsoshi ne da aka ba dubban masu dubawa domin hukuncinsu ya zo ɗaya. Na biyu, manhaja a bayyane take, tambayoyin shekarun baya suna kasuwa, saboda haka mai naci zai iya hasashen inda tambaya za ta ɓullo. Na uku, mudu ne mai yafiya, tunda darussan da ɗalibi ya fi rauni a cikinsu ba sa shiga lissafin darajarsa. Tambayar da aka ƙera shi ya amsa ita ce: shin wannan yaro ya san abin da manhaja ta ce ya sani?

Gadar da Ke Tsakani

Jami'ar farko a Nijeriya, wato Kwalejin Jami'a ta Ibadan da aka buɗe a 1948, digirin Jami'ar Landan take bayarwa, kuma ba ta ɗauki takardar sakandare a matsayin isasshiyar shedar shiga karatun digiri kai tsaye ba. Wanda ya gama aji biyar sai ya ƙara shekara biyu a aji shida ya yi jarrabawar HSC, ko kuma ya ci jarrabawar shiga ta musamman ya yi shekarar share fage a cikin jami'a. Rahoton Kwamitin Ashby na 1960 ya ƙarfafa faɗaɗa aji shida, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962 ta taso a kan wannan turba. Hanyar da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bi misali ce mai kyau: Kwalejin Gwamnati ta Keffi daga 1965 zuwa 1969, sai Barewa inda ya sami HSC a 1971, sannan Zariya daga 1972 zuwa 1975. Shekara biyar, shekara biyu, shekara uku.

Da yake makarantun da ke da aji shida ba su da yawa a Arewa, sai aka ƙirƙiro makarantun share fagen shiga jami'a. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe tata a Zariya, jihohi ma suka kafa nasu, aka kuma samar da jarrabawar IJMB a shekarun 1970 domin ta auna ɗalibansu. A tsohuwar Jihar Filato, wadda Lafiya ta kasance cikinta daga 1976 zuwa 1996, akwai irin wannan makaranta a Keffi, wadda daga baya ta zama kwalejin fasaha da kimiyya, kuma a harabarta ne Jami'ar Jihar Nasarawa ta fara aiki a farkon shekarun 2000.

Mene ne aikin wannan gada? A aji shida ɗalibi yana rage darussa daga takwas ko tara zuwa uku, ya nutsa a cikinsu. A nan yake koyon rubuta doguwar amsa mai hujja, da shiga laburare ba tare da an kora shi ba, da ɗaukar bayani daga bakin malami ba daga allo ba. Babu shakka maki yakan faɗi a wannan mataki ma, domin sauyin salon karatu ba ya zuwa da sauƙi a kowane zamani. Amma faɗuwar tana aukuwa ne a wajen digiri. Darajar digiri a tsarin Landan galibi ta dogara ne a kan jarrabawar ƙarshe, don haka tuntuɓen farko ba ya bin mutum har ranar yaye shi.

Yadda Aka Cire Gadar

Abubuwa uku ne suka taru suka sauya wannan tsari cikin kimanin shekara goma sha biyu. Na farko shi ne yawan ɗalibai. Shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, da aka ƙaddamar a 1976, ya cika azuzuwa maƙil, kuma a farkon shekarun 1980 wannan ambaliya ta isa sakandare. Makarantun jeka-ka-dawo suka yawaita a garuruwa da ƙauyuka, da yawansu ba tare da isassun malamai ko ɗakin gwaje-gwaje ba. Na biyu shi ne kafa hukumar JAMB a 1978, wadda ta haɗa jarrabawar shiga jami'o'i wuri guda, ta kuma sa shiga digiri mai shekara huɗu kai tsaye daga sakandare ya zama babbar hanya. Na uku shi ne Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4. An fara aiwatar da shi a 1982, aka yi jarrabawar SSCE ta farko a 1988, aji shida kuma ya shuɗe daga makarantun gwamnati. Hanyar IJMB da ta masu takardar NCE da difloma ta ci gaba da wanzuwa, amma ta koma ƙaramar ƙofa a gefen babbar.

A tsarin SSCE ba a ba da daraja ta ɗaya da ta biyu da ta uku ga takarda baki ɗaya, kowane darasi yana tsayawa ne da kansa. Abin da ɗalibi ke nema ya koma kiredit biyar, har da Ingilishi, da Lissafi ga mafi yawan fannoni. Da aka kafa hukumar NECO a 1999 mai mazauni a Minna, wadda ta gudanar da jarrabawarta ta farko a 2000, sai dama ta ƙaru: ɗalibi na iya zama jarrabawa biyu a shekara ɗaya, kuma fannoni da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu a haɗe. Wato mudun da dama mai yafiya ne ya ƙara yafiya. Wanda ya faɗi Lissafi a nan ya ci a can, babu wanda zai sake tambayarsa labarin faɗuwar.

Mudu na Biyu: Lissafin da Ba Ya Mantuwa

A daidai lokacin da ake cire gada, ita ma jami'a tana sake nata mudun. Bisa ikon da Dokar Soja mai lamba 16 ta 1985 ta ba ta, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ta fitar da mafi ƙarancin ma'aunin karatu a 1989, wanda ya game jami'o'i da tsarin kwasa-kwasai da zango biyu a shekara irin na Amurka. A ma'aunin maki biyar da ya yaɗu daga wannan lokaci, 70 zuwa sama shi ne A mai maki 5, sai 60 zuwa 69 B mai 4, sai 50 zuwa 59 C mai 3, sai 45 zuwa 49 D mai 2, sai 40 zuwa 44 E mai 1, abin da ya gaza 40 kuwa F ne, ba shi da komai. Ana ninka makin kowane kwas da nauyinsa, a tara, a raba, a fitar da matsakaici na jimla, wato CGPA. Daga nan sai a koma ga darajojin Ingila: 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya, 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu, 2.40 zuwa 3.49 ƙaramar daraja ta biyu, 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku.

Idan aka ajiye wannan kusa da jadawalin WAEC da aka saba bugawa, za a ga abin mamaki. A can sai ɗalibi ya kai 75 yake samun A1, mai 70 kuwa B2 ne, alhali a jami'a 70 ta isa A. Ashe ke nan ba a lambobi gizo ke saƙa ba. Bambancin yana cikin wanda yake aunawa da abin da ake aunawa da kuma yadda ake tara lissafin.

Ta fuskar tara lissafi, CGPA ba ya yafiya kuma ba ya mantuwa. Kwas ɗin da aka faɗi yana shiga lissafi da sifirinsa ko da an maimaita an ci, kuma a tsarin da akasarin jami'o'i ke bi shekarar farko tana cikin ƙidaya. Bari mu buga misali, mu ƙaddara cewa nauyin kwasa-kwasan shekaru huɗun daidai yake. Ɗalibin da ya gama aji ɗaya da 2.00 yana bukatar 4.00 a kowace shekara cikin ukun da suka rage kafin ya kai 3.50. Daraja ta ɗaya kuwa ta kuɓuce masa ke nan, domin sai ya sami 5.33, abin da babu shi a ma'aunin. Wanda ma ya gama aji ɗaya da 3.00 ba zai kai 4.50 ba sai idan ya sami A a kowane kwas har ya fita. Shekarar da ɗalibi yake neman ɗakin kwana, yake koyon hanyar zauren lakca, yake koyon dafa wa kansa abinci, ita ce ta gaji aikin tsohuwar gada, kuma ga shi an ɗora mata nauyin rubu'in digiri.

Ta fuskar abin da ake aunawa, fagen adabi ya ishe mu misali. A sakandare ana iya tambayar ɗalibi ya kawo sunayen taurarin Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ko ya ba da labarin abin da ya faru a wani babi, kuma mai hadda zai cinye makin. A jami'a za a ce ya tattauna yadda marubucin ya sarrafa salon tatsuniya wajen gina ƙagaggen labari, ko ya kwatanta jigonsa da na Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, tunda duka biyun 'ya'yan gasar rubutu ɗaya ce ta 1933. Wanda ya zuba labarin littafin tiryan-tiryan a shafi huɗu zai fito yana murna, sakamako ya fito ya ga 45. Bai yi ƙarya ba da ya ce ya yi karatu. Ya amsa tambayar sakandare ne a zauren jami'a. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Jarrabawa Uku, Hukunci Uku

Alƙaluman hukumomin jarrabawa da kansu suna nuna cewa mudu ba ɗaya ba ne. A 2014 kashi 31.28 cikin ɗari na waɗanda suka zauna WAEC ne suka sami kiredit biyar da Ingilishi da Lissafi, a 2021 kuwa adadin ya kai kashi 81.7. A 2024 ya kasance kashi 72.12, amma a wannan shekarar kimanin kashi 76 na waɗanda suka zauna jarrabawar JAMB ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Ko da yake ba dukkan masu zaman jarrabawar biyu ne mutane ɗaya ba, tazarar ta isa ta sa mai hankali ya tsaya ya yi tunani. A 2025 ma WAEC ta fara sanar da kashi 38.32, sannan bayan ta gano kuskure wajen duba wasu takardu ta gyara zuwa kashi 62.96. Yaran ba su ƙara ilimi cikin 'yan kwanakin nan ba, awon ne aka sake.

Rashin amincewa da mudun farko tsoho ne. Fitar tambayoyin jarrabawar 1977 ya yi ƙamari har aka kafa kotun bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Sogbetun, kuma daga lokacin kalmar ekispo ta zauna a bakin ɗalibai. Dokar soja ta 1984 ta tanadi ɗaurin shekara 21 ga mai maguɗin jarrabawa, aka sake wata doka a 1999. A 2005 aka ba jami'o'i damar yin jarrabawar tantancewa bayan ta JAMB, aka soke ta a 2016, aka maido da ita a 2017, sannan daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya. Kowane ɗaya daga waɗannan matakai ƙarin rariya ne a bakin ƙofa, babu wanda ya maye gurbin horon da aji shida yake bayarwa. Wanda ya shigo da kiredit na aro dole ya faɗi, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai dai zalunci ne a yi wa kowa kuɗin goro, domin akwai dubban da suka ci da guminsu kuma makinsu ya sauka.

Lafiya a Cikin Wannan Tarihi

Kafin 1 ga Oktoba 1996, ranar da gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Nasarawa da hedikwata a Lafiya, ɗan Lafiya mai neman digiri sai ya nufi Jos ko Zariya ko Kano ko Makurɗi. A kusa akwai kwalejin horon malamai ta Akwanga da kwalejin aikin gona ta Lafiya da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Nasarawa. Bayan samun jiha aka kafa kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Lafiya, wadda yanzu take ɗauke da sunan marigayi Sarki Isa Mustapha Agwai na Ɗaya, sai Jami'ar Jiha a Keffi mai tsangayar aikin gona a Shabu, sai Jami'ar Tarayya ta Lafiya da aka kafa a 2011 ƙarƙashin shugabancin Farfesa Ekanem Ikpi Braide. Cikin shekara goma sha biyar jami'a ta taso daga nesa ta zo bakin ƙofa.

Wannan alheri ne babba, musamman ga 'ya'ya mata da 'ya'yan talakawa, amma ya zo da nasa sha'anin. Da yawa daga ɗaliban su ne na farko a gidansu da suka taka jami'a, ba su da yaya ko kawu da zai gaya musu cewa gwajin tsakiyar zango yana ɗauke da kashi 30 ko 40 na makin kwas, ko kuma kwas mai nauyi uku ya fi mai nauyi ɗaya illa idan aka faɗi. Ga kuma batun harshe. Yaron da ya tashi da Eggon ko Alago ko Gwandara ko Migili ko Tibi ko Fulatanci a gida, da Hausa a kasuwa da wurin wasa, Ingilishi harshensa na uku ne. Zaɓen amsa ɗaya cikin huɗu a jarrabawar kwamfuta ba ya tona wannan rauni kamar yadda rubuta shafi uku na hujja yake tonawa. Bugu da ƙari, jami'ar tarayya tana tara zakarun makarantu daga jihohi da yawa a aji guda, kuma ba zai yiwu kowa ya zo na ɗaya ba. Masana halayyar ɗan Adam, Herbert Marsh da John Parker, sun bayyana a 1984 yadda ɗalibi ke auna ƙwazonsa da na abokan ajinsa, ta yadda wanda ya saba zama babban kifi a ƙaramin tafki yakan karaya idan ya shiga kogi. Sau da yawa karayar zuci ce take biyo bayan faɗuwar farko, ita kuma ta jawo ta biyu.

Wannan ne kuma yake fassara mana waɗanda makinsu ke hawa. Ɗalibin da ya yi sakandare inda babu malamin Lissafi na tsawon zango, ya koyi karanta littafi shi kaɗai da neman wanda ya fi shi sani, ya riga ya yi aji shida a ɓoye. Kiredit ɗinsa ya auna talaucin makarantarsa ne fiye da ƙwaƙwalwarsa. Shi kuwa wanda aka yi wa ɗura da darasin yamma da tambayoyin baya, ranar da aka janye cokali sai yunwa ta kama shi.

Kammalawa

Mun ga cewa makin sakandare ya samo asali daga jarrabawar Kambirij, baƙo ne ke ba da shi a kan manhaja sananniya, kuma yana yafe rauni. Makin jami'a kuwa gamin gambiza ne na darajojin Ingila da lissafin Amurka, malamin kwas ne ke ba da shi a kan iya tunani da hujja, kuma yana tara komai tun daga zangon farko. Tsakanin 1976 da 1989 aka faɗaɗa ƙofa, aka cire aji shida, aka kuma shigar da shekarar farko cikin lissafi.

Saboda haka muna kira ga sassa da tsangayoyi su ɗauki aji ɗaya a matsayin gadar da ya zama a aikace: a ba shi ƙwararrun malamai, a zauna da sababbin ɗalibai a buga musu lissafin CGPA a kan allo tun makon farko, a mayar musu da takardun gwajinsu da gyara domin su ga inda amsarsu ta gaza. Iyaye kuma su tambayi yaro yadda ake karatun kafin su yanke masa hukunci. Ga ɗalibanmu, kiredit tara shedar jiya ce, ta buɗe ƙofa ta gama aikinta, kuma C ta farko ba hukunci ba ce a kan basirarku. Ku nemi sanin abin da sabon mudu yake aunawa tun zango bai yi nisa ba, ku tambayi malamai da waɗanda suka riga ku, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.